Wa Ya Kashe Zakunan Gboko?

Ranar kasuwar da ta wuce muna zaune a rumfar 'yan doya, sai gardama ta kaure tsakanin samari 'yan dako a kan Arsenal da Chelsea, har aka kusa ba hammata iska. Wani dattijo da ya yi shekaru yana saro doya daga ƙasar Binuwai ya ɗaga hannu ya ce, "Ku dakata, 'ya'yana. Tun da ku malaman ƙwallo ne, ku gaya mini, wane kulob ne na Arewa ya taɓa ɗauko kofin Afirka ya kawo gida?" Wuri ya yi tsit. Wani ya ce Kano Pillars, wani ya ce Ranchers Bees ta Kaduna. Dattijo ya girgiza kai ya ce, "Zakunan Gboko." Samarin nan da suka san sunan kowane ɗan wasa na Landan har da lambar rigarsa, babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa jin wannan suna.

Ba mu ga laifin yaran ba. Laifin yana wani wuri dabam, kuma shi za mu tono yau. In wani ya ce ina ruwan jaridar jam'iyya da tamaula, wasan yara, to, ya yi haƙuri ya karanta har ƙarshe. Abin da ya sami Zakunan Gboko shi ke samun duk abin da talaka ya raya da guminsa, amma takardar mallaka tana aljihun wani.

Gboko ƙaramin birni ne a ƙasar Tibi, cikin Jihar Binuwai, kamar mil 50 daga Makurɗi, kuma nan ne fadar Tor Tiv, babban sarkin Tibi. 'Yan kasuwarmu sun san hanyarsa sarai, don daga wannan yanki ake lodin doya da lemo da waken soya zuwa Kano da Sakkwato da Maiduguri. Tsofaffin 'yan gwagwarmaya kuwa ta wata fuska suka san shi. Nan ne cibiyar Joseph Tarka, malamin makarantar da ya shugabanci jam'iyyar UMBC daga 1957, ya tsaya wa masu mulkin Jihar Arewa a wuya kamar ƙashin kifi. A 1961 mutanen Tibi suka zaɓi Malam Ibrahim Imam, Babarbare Musulmi daga Barno, ya wakilce su a Majalisar Kaduna bayan an matsa wa jam'iyyarsa lamba a gida. Gabanin zaɓen 1964 kuma UMBC da NEPU ta Malam Aminu Kano suka haɗa kai suka tsaya a sahu ɗaya. Tarka ya rasu a 1980, filin wasan Gboko kuwa sunansa aka sa masa. Saboda haka in muna maganar Gboko, maganar 'yan'uwa muke yi.

A 1980 ɗin nan masana'antar siminti ta fara aiki a bakin garin, mai suna Benue Cement Company, a taƙaice BCC. Gwamnatin tarayya da ta jiha suna cikin manyan masu jarinta, watau da dukiyar jama'a aka gina ta. A 1982 kamfanin ya kafa kulob na ƙwallon ƙafa, aka raɗa masa suna BCC Lions, Zakunan BCC. Ku riƙe wannan suna da kyau, jama'a. Sunan kamfani ne a jiki, babu sunan gari. Tun ranar suna aka nuna mai ɗa.

Kafin ku gane girman abin da suka yi, sai kun san halin da Arewa take ciki. Kofin Kalubale, wanda aka fara a 1945 da sunan Kofin Gwamna, shi ne kofin da ya fi kowane daɗewa a ƙasar nan. A 1953 'yan wasan Kano suka doke Lagos Dynamos suka ɗauko shi. Daga nan fa ƙofa ta rufe. 'Yan Jos suka yi ta zuwa wasan ƙarshe suna komowa da hawaye, har mutane suka fara cewa asiri aka yi musu. Raccah Rovers ta Kano ta je a 1977 ta dawo hannu rabbana. Niger Tornadoes ta Minna ta je a 1982, haka. Bees ta Kaduna ta je sau biyu, a 1983 da 1987, duk a bugun fenariti aka raba ta da kofi. Shekara 36 cur, kofin yana yawo tsakanin Ikko da Badun da Inugu da Binin da sauran biranen kudu, bai ƙetaro kogi ba.

Sai a 1989, a filin wasa na Tafawa Ɓalewa da ke Bauci, Zakunan Gboko suka kara da Iwuanyanwu Nationale ta Owerri a wasan ƙarshe. Nationale ce ke riƙe da kofin, ita ce kuma zakarar gasar ƙasa, ga attajiri tsaye bayanta. Aka tashi ci ɗaya da nema, Gboko ke da ɗaya. Abin da ya gagari manyan biranen Arewa shekara da shekaru, ƙaramin gari mai ƙurar siminti ya yi shi. Kocinsu a ranar yaro ne ɗan shekara 31, Shu'aibu Amodu, mutumin ƙasar Edo, wanda karayar ƙafa ta raba shi da buga ƙwallo tun da sauran ƙarfinsa.

Cin wannan kofi ya ba su damar shiga gasar Afirka ta kulob-kulob da suka ci kofin ƙasarsu, wadda ake kira Kofin Mandela. A 1990, shekarar da aka saki Mandela daga kurkuku, Zakuna suka yi ta ture na gabansu har wasan ƙarshe, suka haɗu da Club Africain ta birnin Tunis. A gida suka zuba mata uku ba ko ɗaya, a Tunis aka yi kunnen doki ɗaya da ɗaya, jimla 4 da 1. Kada wani ya ce rago suka samu, domin Club Africain ɗin nan ce ta ɗauki babban kofin zakarun Afirka a shekarar da ta biyo, 1991. Kulob uku kaɗai na Nijeriya suka taɓa cin wancan kofi har aka daina gasarsa a 2003: IICC ta Badun a 1976, Rangers ta Inugu a 1977, sai Zakunan Gboko. Har yau ɗin nan babu wani kulob daga tsohuwar Jihar Arewa da ya sake ɗauko kofin nahiya.

Ba su tsaya nan ba. A 1991 suka sake kai wa wasan ƙarshe, Power Dynamos ta Zambiya ta tsere musu da ƙyar, 5 da 4. A 1993 suka doke Plateau United suka sake ɗaukar Kofin Kalubale. A 1994 suka haɗa biyu, kofin gasar ƙasa da na Kalubale, suka doke Julius Berger ta Ikko. A 1997 suka doke Katsina United suka ɗauka karo na huɗu. Daga cikinsu aka sami Moses Kpakor, ɗan ƙasar Tibi, wanda ya buga wa Nijeriya a gasar Afirka ta 1990 a Aljeriya, da Edema Fuludu wanda yana cikin waɗanda suka ɗauko kofin Afirka a Tunisiya a 1994. A cikin shekara tara, manyan kofuna shida suka shiga Gboko. Ranar wasa kuwa duk gari kasuwa ce: mai tsire ya sayar, mai rake ya sayar, mai ƙosai ta sayar, direba ya cika mota, mai masauki ya cika ɗaki. Batibe da Bahaushe da Ibo suna zaune a benci ɗaya suna ihu da murya ɗaya, ba mai tambayar wani addininsa.

To, a 1998, shekara ɗaya tak bayan kofin ƙarshe, Zakuna suka faɗo daga babban rukuni. Tun daga ranar ba su sake komawa ba. An yi ta yunƙurin tashinsu, a yi alkawari, a yi taro, a ɗauki hoto, sa'an nan a watse.

Me ya faru? Ƙafafun yaran Gboko ne suka karye gaba ɗaya a dare guda? Ko mutanen gari ne suka wayi gari ba sa son ƙwallo? Ko kusa. Uban gida ne ya kwanta ciwo. A ƙarshen shekarun 1990 masana'antar ta shiga tangal-tangal kamar sauran kamfanonin gwamnati na wancan zamani, waɗanda aka mayar saniyar tatsa, kowa ya zo da ƙwaryarsa, ba mai ba ta ciyawa. Kamfanin da ke fama da kansa ina zai iya da 'yan ƙwallo? A 2000 gwamnatin tarayya ta sayar da hannun jarinta ga kamfanin Ɗangote, a 2010 kuma aka haɗe BCC cikin Dangote Cement, sunan ma ya ɓace.

A nan muna so a fahimce mu, don mu ba mu iya ƙage ba. Ba mu ce mai saye ne ya kashe Zakuna ba, ai sun riga sun faɗi kafin a yi cinikin. Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sani, wanda ya sayi rumfa don ya sayar da siminti ba za a kama shi da laifin bai yi kiwon tantabarun da ya tarar a saman rufi ba. Abin da ya kashe Zakuna tsari ne, tsarin da ya ce dubban mutane su zo su biya kuɗin ƙofa, su sha rana, su yi ihu har muryarsu ta dishe, amma ranar da za a yanke shawara a kan ran kulob ɗin ba a ko tambayarsu. Mai tsiren da ya yi shekara 15 a bakin filin Tarka ba shi da ƙuri'a. Direban da ya kwashi magoya baya zuwa Bauci ba shi da ƙuri'a. Shi kansa ɗan wasan da ya sa ƙafarsa a gaban takalmin abokin hamayya ba shi da ƙuri'a. Mutanen Gboko sun ɗauka kulob nasu ne, ashe zanen aro suka ɗaura, zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

In kuna tsammanin Gboko kaɗai abin ya sama, ku duba. Leventis United ta Badun, kulob ɗin kamfani, ta kai wasan ƙarshe na Afirka a 1985, ta haɗa kofin gasa da na Kalubale a 1986, ba a daɗe ba masu ita suka naɗe tabarma. Abiola Babes ta Abekuta, kulob ɗin mutum ɗaya, ta ci Kofin Kalubale a 1985 da 1987, mai ita ya ce ya gaji, shi ke nan. A 2016 gwamnatin Jihar Ribas ta ɗauki alƙalami ta soke Sharks da Dolphins ta haɗe su wuri ɗaya, kowace da tarihinta da masoyanta. Kowane kulob da ubangidansa, ubangida ya yi atishawa kulob ya kwanta, ya juya baya kulob ya mutu.

Masu mulki za su ce ai shi ya sa gwamnatocin jihohi suka karɓi riƙon kulob-kulob, don gwamnati ba ta mutuwa. To, mu auna maganar da abin da ido ya gani. A 2025 kulob huɗu suka faɗo daga babban rukuni: Lobi Stars ta Makurɗi, Sunshine Stars ta Akure, Akwa United ta Uyo, da Heartland ta Owerri. Duka huɗun na gwamnati ne. Heartland ɗin nan kuwa ita ce tsohuwar Iwuanyanwu Nationale da ta kara da Zakuna a Bauci, aka mayar wa gwamnatin Imo a 2006 aka canja mata suna. Kano Pillars ma, mai kofin gasa huɗu, ta ɗanɗana faɗuwa a 2022. Kowa ya san yadda ake tafiyar da irin waɗannan kulob. Ana naɗa shugaba don ya yi wa jam'iyya mai mulki hidima ranar zaɓe, ko da bai san bambancin gola da alƙalin wasa ba. Sabon gwamna ya zo ya rushe kwamiti ya kafa nasa. Ana karanta kuɗin kulob a kasafin shekara, amma ba a taɓa tara magoya baya a karanta musu yadda aka kashe shi ba. Mun sha ganin 'yan wasa a ƙofar gidan gwamnati suna roƙon albashin watanni, ranar da suka ci kofi kuwa manyan riguna ne a gaban hoto. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ku dubi yadda aka yi wa Shu'aibu Amodu kansa, ku ga halin masu riƙe da ƙwallon ƙasar nan. Mutumin da ya ɗaga Gboko, shi ya kai Nijeriya gasar cin kofin duniya ta 2002, aka sallame shi kafin a tafi. Ya sake kai ta ta 2010, aka sake sallamarsa, aka ɗauko Bature daga Suwidin aka ba shi kujerar. Ya yi noma sau biyu, sau biyu wani ya yi girbi. Ya rasu a Binin a watan Yuni na 2016. Allah ya ji ƙansa. Wanda aka yi wa koci haka, me kuke tsammani za a yi wa mai kallo?

Yanzu ga abin da ya kamata kowane ɗan Gboko da kowane ɗan Arewa ya yi tunani a kansa. Club Africain ɗin nan da Zakuna suka lallasa 4 da 1, tana ina yau? Tana nan da ranta, ta haura shekara ɗari, don an kafa ta tun 1920 a zamanin mulkin Faransa. Ba don ba ta ga masifa ba. Bashi ya taɓa kai mata iya wuya saboda ɓarnar shugabanni, har hukumar ƙwallo ta duniya ta ɗaga mata sanda. A watan Oktoba na 2019 magoya bayanta suka tashi, masu ƙaramin ƙarfi da yara masu asusu, suka tara abin da ya haura dala 400,000 a yini ɗaya. Me ya sa suka yi? Domin ƙungiya ce ta 'yan ƙungiya, suna jin tasu ce, in ta mutu su aka yi wa mutuwa. Wanda aka ci yana raye, wanda ya ci yana kwance. Bambancin ba a fili yake ba, a takardar mallaka yake. Haka Al Ahly ta Masar, wadda ta fi kowa kofin Afirka, membobinta ke jefa ƙuri'a su zaɓi shugaba. Haka Barcelona da Real Madrid da samarinmu ke mutuwa a kansu. A Jamus ma doka ce, in ban da 'yan kaɗan da aka keɓe, rinjayen ƙuri'a a kulob dole ya zauna a hannun membobi, komai kuɗin attajiri.

Za a ce mana talaka ba shi da kuɗin riƙe kulob. Wannan tsohuwar waƙa ce, da ita aka ce talaka ba zai iya riƙe jam'iyya ba, sai ga masu tireda da teloli da mahauta sun riƙe NEPU da sulensu da kwabonsu. Mu yi lissafi irin na kasuwa. A ce gari ya sami mutum 20,000 masu katin kulob, kowa yana ba da naira 500 a wata. Naira miliyan 10 ke nan a wata, miliyan 120 a shekara. Ba mu ce wannan kaɗai zai ɗauki dukan nauyi ba, ƙarya ne mu faɗi haka. Amma a ɗora kuɗin ƙofa da ba a sace ba, da kuɗin rigunan kulob da telolin gari za su ɗinka, da rabon kulob in an sayar da ɗan wasa waje, da kuɗin talla. Kamfani ya zo ya biya a sa sunansa a gaban riga, muna maraba, in ya gaji ya tafi wani ya zo, kulob yana nan. Wa ya koya wa matan kasuwa adashi? Wa ke riƙe ƙungiyar 'yan doya, da ta direbobi, da ta mahauta, shekara da shekaru ba tare da kwabon gwamna ba? Mutanen da suka iya wannan ba za a ce ba su iya riƙe yara 30 da ƙwallo ba.

Za a kuma ce in an bar wa jama'a za a yi rigima, za a ci kuɗi. Za a iya, mutum ɗan tara ne. Amma ɓarawon da kuka zaɓa da hannunku kuna iya tuɓe shi da hannunku a taron shekara. Wanda aka naɗo muku daga gidan gwamnati fa, ta ina za ku kama shi?

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma muna so kowane reshe na jam'iyya ya karanta wa membobinsa a taron mako.

Na ɗaya, duk kulob ɗin da ake ciyarwa da kuɗin jama'a a buɗe masa rajistar membobi, da kati mai araha wanda ɗan dako zai iya saye, mace da namiji, mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya.

Na biyu, membobi su zaɓi shugabanni, gwamna ya cire hannunsa daga naɗi. In gwamnati tana son taimako ta gyara fili, ta kawo tsaro, ta raya wasannin makarantu.

Na uku, kowace shekara a karanta lissafin shiga da fita a bainar jama'a, da Hausa da harshen mutanen gari, a manna shi a ƙofar filin wasa yadda ake manna sakamakon jarrabawa.

Na huɗu, albashin ɗan wasa ya riga alawus ɗin shugaba fita. Kulob ɗin da ke riƙe da haƙƙin 'yan wasansa kada shugabanninsa su taɓa kwabo.

Na biyar, kada a sake sayar da kulob, ko a haɗe shi, ko a canja masa suna ko gari, sai da yardar membobinsa.

Ga 'yan'uwanmu na Gboko kuma muna cewa, kun daɗe kuna jiran wani babba ya zo ya tashe muku Zakuna, kun ga iyakar jira. Filin Tarka yana nan, yara masu ƙafa suna nan a kowace unguwa, tsofaffin 'yan wasan 1990 da dama suna raye, za su iya koyarwa. Ku buɗe littafi ku fara rubuta suna, Batibe da Bahaushen Gboko da kowa, ku fara daga ƙaramin rukuni in ta kama, wannan karon da sunan gari a gaban riga. Ku kuma 'yan Kano da Katsina da Bauci da Maiduguri da Jos, da kulob ɗinku ke numfashi da iskar gidan gwamnati, gemun ɗan'uwanku ya riga ya kama wuta, sai ku nemi ruwa.

Dattijon nan na rumfar doya, da ya gama ba samari labari, sai ɗaya daga cikinsu ya ce, "Baba, to yanzu ina kofunan suke?" Dattijo ya ce bai sani ba, bai kuma san wanda za a tambaya ba. Kofuna shida da gari guda ya yi wa ihu, a ce mai ihun bai san inda aka ajiye su ba! Wannan tambaya muke so ku riƙa yi daga yau, a kan kulob, da kasuwa, da asibiti, da makarantar da aka gina da harajinku: na wane ne, wa ke riƙe da mabuɗi, yaushe za a karanta mana lissafi? Allah ya ba talaka ikon riƙe abinsa. Amin.